Yadda Ake Gwada Sakatar Wuƙar Aljihu Kafin A Biya Kuɗi

Akwai tabo a gaɓar tsakiya ta manuniyar hannuna na dama, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na sayen wuƙar aljihu sai na juya ta a hannu na bincika ta ciki da bai, ko da mai kaya zai ƙosa. Ranar da abin ya faru ina gona a hanyar Madarunfa, kusa da Maraɗi, ina so in huda kafaɗar wata jarka domin in zura mata igiya. Na kafa tsinin wuƙar, na danna, na murɗa hannu kamar yadda kowa zai yi, sai ruwan wuƙar ya karyo ya rufe a kan yatsana har ƙashi. Wuƙar tana da sakata, kuma duk sa'ad da na buɗe ta nakan ji ƙarar kamawarta sarai. Sai bayan an ɗinke raunin na koma gida na haska cikinta da fitila, na ga ashe ƙarfen da ya kamata ya tokare gindin ruwan bai kama ko da kaurin farce ba. Tun ranar da na saye ta haka take, kuma minti biyar a gaban teburin mai kaya sun isa in gane hakan da na san inda zan duba.

Mu a nan mun gaji wuƙar maƙera mai kube, wadda ruwanta da ƙotarta abu guda ne, saboda haka hannunmu ya saba da wuƙar da ba ta lanƙwashewa. Wuƙa mai naɗewa kuwa an raba ta biyu tun daga maƙera, aka haɗa rabi da rabi da ƙusa guda, kuma abin da ke tsakanin kaifinta da yatsunka ɗan guntun ƙarfe ne wanda sau da yawa bai kai ƙwayar gero biyu faɗi ba. Wannan guntun shi ake saye idan ana sayen irin wannan wuƙa, kyan ƙota da sheƙin ruwa suna biyo baya.

Domin mu fahimci juna, ga sunayen da zan yi amfani da su. Ruwa shi ne ƙarfen da ke yanka, bayansa shi ne gefen da ba shi da kaifi, gindinsa kuma shi ne ɓangaren da ke ɓoye cikin ƙota. Ƙusar juyi ita ce wadda ruwan ke juyawa a kanta. Ƙusar tokara ita ce ƴar ƙaramar da ke hana ruwan zarcewa baya idan an buɗe shi. Sakata kuwa ita ce duk wata dabara da ke hana shi komowa gaba ya rufe.

Mataki na farko: ka yanke wa kanka aikin da za ta yi

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Mai fere rake, da mai ɓare mangwaro, da mai yanke zaren buhun gero ko na aya, duk yanka suke yi, wato suna tura kaifi cikin abu, kuma irin wannan turawa tana ƙara buɗe ruwan ne, ba ta rufe shi. Mai huda fata, ko jarka, ko mai sassaƙa rami a itace da tsini, shi ne ke cikin haɗari, domin da zarar tsinin ya karkace ƙarfin yana komawa bayan ruwa. Idan aikinka na farko ne, ko wuƙa marar sakata ta ishe ka. Idan na biyu ne, sai mai sakata ta ƙwarai. Yankan ragon layya da sara da ɓanɓare abu kuwa ba aikin wuƙa mai naɗewa ba ne ko wace iri ce. Wannan sai doguwar wuƙar mahauta mai kaifi, wadda za ta hutar da dabba.

Mataki na biyu: ka gane irin sakatar da ke hannunka

A nan ya kamata a daɗe, domin kowace iri da inda take da rauni, kuma wanda bai san irin ba ba zai san abin da zai gwada ba.

Iri na farko ba shi da sakata sam, sai wani ƙarfe mai tauri da ke kwance a bayan ƙota yana danne gindin ruwa. Haka yawancin ƙananan wuƙaƙen Victorinox na ƙasar Suwizalan suke, masu jar ƙota da kayan aiki barkatai. Haka ma Douk-Douk, wadda gidan Cognet na garin Thiers a Faransa ya fara ƙerawa a 1929, wadda kuma ta bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Ƙotarta falle ɗaya ce ta ƙarfe da aka ninke, kuma ƙarfen bayanta yana da ƙarfi ƙwarai. Ina girmama wannan iri saboda ba ya yaudarar mai shi. Ka san za ta rufe idan ka danna bayanta, don haka hannunka yana kiyayewa. Wuƙa mai sakatar banza ta fi ta haɗari nesa ba kusa ba, domin tana sa ka saki jiki.

Iri na biyu shi ne mai zobe. Opinel ta yankin Savoie a Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890, an ƙara mata zoben ƙarfe a wuya a 1955. Idan ka buɗe ruwan sai ka murza zoben ya toshe tsagar da ruwan zai bi ya koma, kuma tun shekarar 2000 zoben yana iya kulle ta a rufe ma. Ana ba ta lamba bisa girmanta, zoben yana kan lamba 6 zuwa sama, kuma lamba 8, wadda aka fi sani, ruwanta santimita 8.5 ne. Rauninta biyu: ba ta kulle kanta sai ka tuna ka murza, sannan ƙotarta itace ce, da damina takan kumbura ta riƙe ruwan gam, da hunturu kuma ta bushe ta saki. Okapi ma, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988, sananniyarta tana da zobe, amma nata na ja ne: ƙarfen bayanta yana faɗawa cikin haƙoran da ke gindin ruwa, kuma sai ka ja zoben ka ɗaga ƙarfen kafin ta rufu.

Iri na uku shi ne sakatar baya. Wani dogon ƙarfe ne a bayan ƙota mai ƙugiya a kansa, ƙugiyar tana faɗawa cikin gurbin da aka yanka a gindin ruwa, kuma sai an danna wutsiyarsa take ɗagawa. Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a 1964, ita ta yayata wannan ƙira har duniya ta cika da masu kwaikwayonta. Idan an yi ta da kyau tana da ƙarfi sosai, kuma ba ruwanta da bahago ko mai dama. Abokin gabarta shi ne datti: ɗan ƙullin audugar aljihu ko rairayi a cikin gurbin nan ya isa ya hana ƙugiyar sauka har ƙasa, alhali kai kana jin ƙara kana zaton ta kama.

Iri na huɗu, wanda ya fi kowane yawa a kan teburan kasuwa yau, shi ne sakatar harshe. A cikin ƙota akwai fallen ƙarfe siriri da aka tsaga aka lanƙwasa, yana jiran ruwa ya buɗe sai ya zabura daga gefe ya tsaya a ƙarƙashin gindinsa. Wani maƙerin Amurka mai suna Michael Walker ne ya gyara wannan ƙira ta zama yadda take yanzu a farkon shekarun 1980, har ya dasa wa harshen ƴar ƙwayar ƙarfe da ke riƙe ruwa idan yana rufe. Tana da sauƙin ƙerawa, kuma wannan sauƙin shi ya sa na banza suka yi yawa. Wadda ta sare ni irin wannan ce. Tana da ƙanwa, wato sakatar jiki, wadda aka san Chris Reeve da ita a wuƙarsa Sebenza: maimakon falle siriri, ɓarin ƙotar ne gaba ɗaya ke lanƙwasowa ya tokare gindin, saboda haka matsar hannunka tana ƙara mata kamu.

Iri na ƙarshe da za ka iya cin karo da shi shi ne sakata mai gicciye, wadda kamfanin Benchmade ya fito da ita da sunan Axis a ƙarshen shekarun 1990. Ɗan sandan ƙarfe ne da ya ratsa ƙota daga gefe zuwa gefe, wasu siraran wayoyi biyu suna tura shi ya hau gindin ruwa. Ana ja da shi baya da yatsu biyu, ruwan ya rufu ba tare da yatsa ya shiga hanyarsa ba, kuma wannan babbar fa'ida ce. Sai dai wayoyin nan sukan karye bayan dogon aiki, kuma samun madadinsu a Maraɗi ba abu ne mai sauƙi ba.

Mataki na uku: ka duba ta a rufe

Kada ka yarda da cinikin biri a sama. Idan wuƙar tana cikin leda ko kwali, ka ce wa mai kaya cikin ladabi, "Alhaji, a yi haƙuri a buɗe mini in gani, in ta yi ba za mu ɓata ba." Wanda ya amince da kayansa ba ya ƙi, kuma wadda za ka gwada ita ce wadda za ka tafi da ita, domin wuƙaƙe biyu daga kwali ɗaya sukan bambanta.

Ka fita da ita inda haske yake, ka leƙa tsagar ƙota daga wajen tsini. Ruwan ya kamata ya kwanta a tsakiya. Idan ya ɗan karkata ba tare da ya taɓa gefe ba, ba komai. Idan yana gogar bango har ya bar zane a jikinsa, to ko ƙusar juyi ta saki ko an huda ramin a karkace. Sannan ka shafa yatsa a hankali a bakin tsagar, ka tabbata tsinin ya nutse ƙwarai, domin tsinin da ya leƙo shi ke yage aljihu ya kuma yanki hannun da aka zura neman goro ko canji. Bayan haka ka riƙe ta a rufe, tsagar tana kallon ƙasa, nesa da ƙafafunka da na jama'a, ka girgiza sau biyu ko uku. Idan ruwan ya zubo da kansa, ka ajiye ta. Wuƙar da ke buɗe kanta a aljihu ba ta da wani gwaji da ya rage mata.

Mataki na huɗu: ka buɗe a hankali, ka kalli inda sakata ta tsaya

Masu sayarwa suna son fizge wuƙa da ƙarfi ta buɗe da ƙara, domin hakan yana burge mai saye. Fizgar tana cusa sakata ciki da ƙarfin tsiya, ta ɓoye aibinta. Kai ka buɗe da hannu biyu, sannu a hankali, har ruwan ya kai ƙarshe, ka ga ko sakatar za ta faɗa wurinta da kanta ba tare da an taimake ta ba. Ka maimaita sau goma. Dole ne ta tsaya wuri ɗaya kowane karo.

Idan sakatar harshe ce ko ta jiki, ka juya wuƙar ka leƙa cikin tsaga da fitilar salula. Za ka ga kaurin gindin ruwa, ka ga kuma bakin harshen a ƙarƙashinsa. A sabuwar wuƙa, abin so shi ne dukan kaurin harshen ya shige ƙarƙashin gindin, ya tsaya tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin faɗinsa. Dalili kuwa shi ne an yanka fuskar gindin da ɗan gangare, ta yadda duk lokacin da ƙarfe ya ci ƙarfe harshen zai ƙara matsawa ciki ya cike giɓin. Harshen da ya tsaya a baki-baki, rabinsa a waje, zai zame. Wanda kuma ya riga ya ƙetare har ya jingina da ɗaya bangon tun wuƙar tana sabuwa, ba shi da sauran wurin matsawa, kuma nan da ƴan watanni ruwan zai fara rawa. Ka lura da kaurin harshen kansa; idan bai fi murfin gwangwanin madara ba, zai lanƙwashe.

Idan sakatar baya ce, ka shafa bayan ƙota: dogon ƙarfen ya kamata ya koma daidai da jikin ƙota bayan ta kama. Idan kansa ya ɗan ɗago, ƙugiyar ba ta sauka ba. Idan mai zoben murzawa ce, zoben ya kamata ya ƙara tauri yayin da kake murza shi, ya tsaya cak ba tare da ya zagaye ba.

Mataki na biyar: rawa da danna

Yanzu ka riƙe ƙota ta gefe da gefe, da babban yatsa a ɓari ɗaya sauran yatsu a ɗaya ɓarin, ta yadda babu ko fatar yatsa a kan tsagar da ruwa ke komawa. Wannan riƙon shi ne sharaɗin duk gwajin da ke tafe, kuma wanda ya manta da shi zai iya samun raunin da yake gudu a gaban mai kaya. Da ɗaya hannun ka kama bayan ruwa kusa da tsini, nesa da kaifi.

Ka fara kaɗa shi hagu da dama. Ƴar rawa a nan ba ta da yawan illa, galibi ƙusar juyi ce ke son ɗauri. Idan kanta mai tauraro ne, masu gyaran salula suna da irin abin kwance shi, idan kuma ƙusar dakawa ce, maƙeri zai ɗan taɓa ta da guduma a kan uwar maƙera ta koma daidai. Sai kuma ka kaɗa shi sama da ƙasa, wato ta hanyar buɗewa da rufewa. Rawa ta wannan fuska magana ce dabam, domin tana nufin akwai giɓi tsakanin sakata da gindi ko tsakanin gindi da ƙusar tokara, kuma ɗaurin ƙusa ba ya maganinta. A sakatar harshe da ta jiki ban yarda da ko kaɗan ba. A sakatar baya akan sami ɗan motsi ƙanƙani wanda ake ji ba a gani, wannan ana iya haƙuri da shi.

Daga nan ka danna bayan ruwa da tafin hannu kamar mai son rufe ta, kana ƙara ƙarfi sannu-sannu, idonka yana kan sakata. Abin da kake nema shi ne motsi: harshen da ke ja da baya zuwa inda ya fito, ko ƙarfen baya da ke ɗagowa. Ko ba ta saki ba, in dai ta motsa, wata rana za ta saki. Ka sake dannawa kana ɗan murɗa ruwan, domin danna da murɗa a tare su ne suka fi kayar da sakatar harshe, kuma su ne ainihin abin da hannu ke yi lokacin huda.

Akwai gwajin da ake yawan nunawa a bidiyo, inda mutum ke maka bayan ruwa a kan tebur da iya ƙarfinsa. Ban ga amfaninsa ba, domin yana lotsa fuskar sakata, ya mai da wuƙa mai kyau ta zama mai rauni, kuma ba kayanka ba ne tukuna. Abin da nake yi, bayan na nemi izini, shi ne in ɗan ƙwanƙwasa bayan ruwan sau biyu a kan katako ko tafin takalmi, da ƙarfin da bai wuce na ƙwanƙwasa ƙofa ba. Wannan ya yi daidai da abin da kan faru a wurin aiki idan bayan wuƙa ya bugi reshe yayin zare ta.

Mataki na shida: yadda take zama a hannunka

Wani dattijo bamaƙeri da nake kai wa washi ya taɓa karɓar wata wuƙa daga hannuna, bai ko kalli ruwanta ba, ya dunƙule hannu a kan ƙotar ya matse har jijiyoyinsa suka fito, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, sake riƙe ta haka ka gaya mini abin da manuniyarka ke taɓawa." Na riƙe, sai na ji naman yatsana ya shige cikin tsaga yana tura harshen sakatar gefe. Na ce, "Baba, ashe da hannuna zan buɗe ta." Ya ce haka ne, kuma ranar da za ta faru ita ce ranar da nake aiki mai nauyi, domin a ranar ne ake matse ƙota.

Wannan gwaji ba wanda zai yi maka shi, saboda hannu ya bambanta da hannu. Masu ƙira sukan rage gefen ƙota domin babban yatsa ya sami hanyar kaiwa ga harshen, kuma idan ramin ya yi zurfi, mai kaurin yatsu zai riƙa sakin sakata bai sani ba. A sakatar baya ma haka ne: ka lura ko tudun tafinka yana hawa kan wurin dannawa. Ka gwada riƙon yanka na kullum, ka gwada riƙon fere inda kaifi ke kallonka, ka kuma gwada da jiƙaƙƙen hannu idan da hali, domin ƙotar ƙarfe mai santsi takan zame da gumi ko kitse ko ruwan mangwaro. Ka duba ko akwai ɗan tudu ko lotsawa a gaban ƙota da za ta tare manuniya kada ta zarce kan kaifi. Yatsunka huɗu su sami wurin zama. Ƙotar da ta bar ƙaramin yatsa a iska tana gajiyar da hannu. Idan akwai maƙalin aljihu a jikinta, ka ji ko yana sukar tafi idan an matse.

Bahago ya ƙara lura. Yawancin masu sakatar harshe da ta jiki an yi su ne domin hannun dama, kuma rufe su da hagu yana tilasta wa yatsa yin wani lanƙwaso mai haɗari. Sakatar baya, da mai zobe, da mai gicciye sun fi dacewa da shi.

Mataki na bakwai: rufewa

Mutane da yawa a wajen rufewa suke yankewa. A sakatar harshe babban yatsanka dole ya shiga hanyar ruwa domin ya tura harshen, saboda haka tsarin shi ne: ka tura harshen, ka ɗan karyo ruwan kaɗan da ɗaya hannun har ya wuce sakata, ka janye yatsa gaba ɗaya, sannan ka ƙarasa. A sakatar baya da marar sakata, ƙarfen baya yakan fizgi ruwan a ƙarshen tafiyarsa ya rufe da ƙarfi, don haka yatsu su kasance a gefe tun kafin a fara. Wasu marasa sakata suna da zango a tsakiya inda ruwa ke tsayawa ya yi kusurwa da ƙota, kuma wannan zangon yana ba ka damar gyara riƙo. Ka gwada rufewa sau da yawa. Sakatar da ke cijewa har sai ka sa farce ko ƙusa ta saki za ta sa ka riƙa kokawa da wuƙa kusa da kaifinta. Idan cijewar kaɗan ce, goga bakin fensir a fuskar gindin yakan sassauta ta.

Game da ƙarfen ruwa, magana biyu sun isa. Wanda ba ya tsatsa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, ya fi jure lemon tsami da albasa. Baƙin ƙarfe irin na Douk-Douk da Okapi yana canza launi yana kuma tsatsa idan an bar shi da danshi, amma yana ɗaukar kaifi da sauri a kan dutsen washi na gida. Sunan kamfani da aka buga a jiki kuwa kada ya ruɗe ka, domin jabu sun yi yawa. Wuƙar da ke ɗauke da babban suna a farashin kwanon abinci, gwajin hannunka ne kaɗai zai gaya maka gaskiyarta.

Bayan ka kai ta gida

Ƙasarmu ƙasar rairayi ce, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Wuƙaƙen zamani da ke juyawa a kan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe irin na gindin keke suna da daɗin buɗewa, amma da yashi ya shiga sai su fara ƙurji. Masu zoben tagulla shimfiɗaɗɗe a gefen ruwa sun fi haƙuri da yanayinmu. Kowane mako ka buɗe wuƙar, ka bi tsaga da gurbin sakata da tsinken sakace ko tsohon buroshin haƙori, ka hure. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a ƙusar juyi ya wadatar, ka kuma share abin da ya malalo, domin mai da ƙura idan suka haɗu sukan zama laka. Kada mai ya taɓa fuskar da harshe ke tokara, santsi a wurin yana taimaka masa zamewa. Man gyaɗa yana da kyau a shafa a ruwan da ake yanka abinci da shi, amma a cikin gaɓa yakan daskare ya yi danƙo.

Ka riƙa yanka kana nesanta kaifi daga jikinka, ka miƙa wa mutum ita a rufe, ka ajiye ta inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma idan tafiya ta jirgin sama ta kama, ta shiga babbar jakar da ake aunawa. Dakusasshiyar wuƙa tana sa a ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfi kuma shi ke gwada sakata fiye da kima, saboda haka washi na cikin kiyaye ta.

A ranar da ka saye ta, ka ɗauki hoton cikin tsagar da salula, inda bakin harshe ko ƙugiya ke bayyane. Bayan wata ɗaya na aiki ka sake dubawa ka gwada da hoton, ka maimaita gwajin rawa da na danna da irin riƙon nan na gefe da gefe. Ɗan matsawa a makonnin farko al'ada ce, ƙarfe ne ke neman mazauninsa, daga nan sai ya tsaya. Idan kuwa harshen ya ci gaba da tafiya har ya kusa ɗaya bangon, ko rawar sama da ƙasa ta bayyana inda da babu, to ƙarfen sakatar mai laushi ne. Ka daina huda da ita, ka bar ta ga fere da yankan zare har ka sami wata.